Tsaba da ƙaiƙayi: dokar kiwon karnuka da makomar tseren girehawun

A filin Shelbourne Park da ke Dablin, babban birnin Ailan, tsere guda bai cika wuce daƙiƙa 30 ba. Karnuka shida ake turawa cikin wasu akwatunan ƙarfe da ke jere, kowanne da takunkumi a baki da 'yar riga a gadon baya: ta mai lamba ɗaya ja, ta na biyu shuɗiya, ta na uku fara, ta na huɗu baƙa, ta na biyar ruwan lemo, ta na shida mai ratsin fari da baƙi. Can sai a ji ƙugin inji, zomon bogi ya taho a sukwane bisa layin ƙarfen da ya zagaye filin. Yana giftawa, ƙofofin shida su ɓalle lokaci guda. Kafin ɗan kallo ya gyara tsayuwa karnukan sun cinye mita 480. Wanda ya ci caca ya nufi wurin karɓar kuɗi, wanda aka cinye ya yaga takardarsa, masu karnuka kuma suna can ƙarshen fili a tsugune, suna laluba ƙafafun dabbobinsu ko wani ya samu targaɗe ko karaya.

Sunan wannan kare girehawun. Dogo ne siriri, mai zurfin ƙirji da ɗamammen ciki, gudunsa yakan kai kilomita 70 a awa, kuma da ido yake farauta, ba da hanci ba. Wanda ya san karen Azawak na Buzayen Nijar da Mali ya riga ya ga ɗan'uwansa, don ƙirar jikin kusan ɗaya ce. An fara sa shi bin zomon inji a Amurka a 1919, abin ya ƙetara Ingila a 1926 da aka buɗe filin Belle Vue a Manchesta, ya isa Ailan da Ostireliya a 1927. Tun daga lokacin har yau kuɗin caca ne ke riƙe da wasan.

Kusan shekara 20 ke nan ana kai ruwa rana a kansa a waɗannan ƙasashe. Mai jin labarin daga nesa zai zaci rigimar a kan abin da ke faruwa cikin fili take, wato karo a kwana, da karaya, da ɗirka wa kare ƙwaya. Duk akwai su. Amma gindin maganar yana can baya, a ɗakin da karya take haihuwa. Kafin a samu shidan nan da suka shiga akwati, guda nawa aka haifa, kuma sauran suna ina? Kowace doka da aka yi kan kiwon karnuka, a kan wannan tambaya take cin karo da masu tsere.

Lissafin mai kiwo

Karya tana ɗaukar ciki kwana 63, ta haifi 'yan kwikwiyo shida ko bakwai, wani lokaci har goma. Ba mai iya duban jinjirin kwikwiyo ya ce wannan zai yi gudu. Uwa da uba suna iya zama zakaru, 'ya'yan su fito ba wanda ya gado su. Dole a bari su sha nono, a yaye su, a yi musu rigakafi, a sake su cikin killataccen fili su yi ta guje-guje har su shekara, sannan a fara koya musu bin zomo da fita daga akwati. Sai sun kai wata 15 zuwa 18 ake ɗora musu agogo da gaske, kuma a nan ake sheƙe tsaba daga ƙaiƙayi. Wani yana da gudu amma ko kallon zomon ba ya yi. Wani da ya ga ɗan'uwansa a gefe sai ya juya ya kai masa cizo. Wani ya ji rauni tun wajen horo. Wani kuwa lafiyarsa lau, yana bin zomo da zuciya ɗaya, sai dai agogo ya nuna ya makara da rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa a wannan wasa tazarar tsawon kare shida ko bakwai ce, kuma ta isa a ce ba shi da amfani.

Wanda ya tsallake siraɗin ma kwanan sana'arsa kaɗan ne. Ta hagu suke zagaya fili, kullum, saboda haka nauyin kwana a ƙafar baya ta dama yake sauka, kuma ƙashin idon sawun wannan ƙafa yana cikin waɗanda suka fi karyewa. Yawanci kafin kare ya cika shekara 5 an ajiye shi, da dama tun suna 3. Alhali dabba ce da kan yi shekara 12 zuwa 14 a duniya. Ke nan shekara biyu ko uku yana kawo kuɗi, kusan goma yana cin kuɗi.

In an haɗa waɗannan biyu, hanyar mai kiwo a fili take: ya yawaita haihuwa ko a dace da zakara ɗaya, ya rabu da sauran da wuri. Kimiyya ta ƙara sauƙaƙa masa. Ana daskarar da maniyyin fitaccen kare a aika shi duk inda ake so, har bayan mutuwarsa, shi ya sa kare guda irin Fernando Bale na Ostireliya ya zama uban dubban karnuka. Masu sana'ar suna da kalmar da suke kiran karnukan da suka zube a hanya, kuma ita ce kalmar da masana'anta ke kiran kayan da suka lalace wajen sarrafawa aka zubar. Ni wannan kalma ta fi kowane hoto tayar mini da hankali, domin tana nuna cewa an sa mutuwarsu cikin lissafi tun ba a haife su ba.

Mai karatu yana iya cewa, kare ne fa, kuma caca ce, ina ruwanmu? Cacar kam ba ni da ta cewa wajen kare ta. Amma an tarbiyyantar da mu a kan cewa dabba tana da hakki, har wadda ba a cin namanta, kuma duk wanda ya jawo rai duniya don neman kuɗi, ɗawainiyar wannan rai tana wuyansa.

Yadda Ailan ta raba dokar gida biyu

Ailan ce rumbun girehawun na Turai. Fiye da kashi 80 cikin 100 na karnukan da ke tsere a Birtaniya a can aka haife su. Mick the Miller, karen da ya lashe babbar gasar Ingila a 1929 da 1930, a gidan wani limamin coci da ke karkarar Ailan aka haife shi. A yankuna irin su Tipperary da Limerick da Cork, ba abin mamaki ba ne ka ga manomi mai 'yan shanunsa yana da karya biyu ko uku a bayan rumbu, da asuba ya fita zagaya da su kafin tatsa, da fatan wata rana ɗaya daga cikin 'ya'yansu ya biya masa bashin banki.

Sai dai ƙasar ta yi wani ƙaurin suna na daban, wanda bai shafi tsere ba. An riƙa kiranta hedikwatar gonakin kwikwiyo ta Turai. Waɗannan wasu rumfuna ne da ake tara karnukan gida mata, wani wuri ɗaruruwa, cikin duhu da ƙazanta, duk lokacin da karya ta nemi barbara a ba ta, a kwashe 'ya'yan a loda a jirgin ruwa zuwa Birtaniya. Su ministan muhalli John Gormley, na jam'iyyar masu rajin kare muhalli, ya nufa da ƙudurin da ya kai majalisa a ƙarshen 2009. Ƙudurin ya ce duk mai karya shida ko fiye waɗanda suka isa haihuwa, sai ya yi rajista da ƙaramar hukuma, ya biya kuɗi, ya buɗe ƙofa ga masu duba-gari, ya sa wa karnukansa ƙwayar shaida ƙarƙashin fata (wata 'yar na'ura ce mai girman ƙwayar shinkafa), kuma a taƙaita yawan haihuwar kowace karya.

Masu girehawun suka ce atafau ba da su ba. Hujjarsu ta farko ita ce su ba 'yan sari-ka-noƙe ba ne. Ƙungiyar Irish Coursing Club da ke garin Clonmel tana riƙe da kundin asalin karnukansu tun 1923, kowace haihuwa ana rubuta ta, kowane kwikwiyo ana yi masa zanen lamba a kunne, kuma tun 1958 akwai hukumar gwamnati, Bord na gCon, da ke kula da tseren. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: mai horarwa da ke da karya shida masu tsere, ko ɗaya ba ta taɓa haihuwa ba, sai a wayi gari doka ta kira shi mai gonar kwikwiyo. Suka ƙara da cewa sana'ar tana ciyar da mutum sama da 10,000, yawanci a karkara. 'Yan majalisar Fianna Fáil, jam'iyyar da ke jagorantar gwamnati a lokacin, na mazaɓun karkara suka ɗauki kukan, suka yi barazanar juya wa gwamnatinsu baya, ga shi rinjayenta ƙiris ne, ga kuma wata rigimar ta hana farautar barewa da karnuka tana ci a daidai makonnin.

Aka yi sulhu. Dokar gidajen kiwon karnuka ta wuce a watan Yulin 2010, amma aka yi wa masu girehawun alkawarin tasu dokar daban. Ita ce ta fito a 2011. Ta ce wurin da ke da karya huɗu ko fiye da ake amfani da su wajen haihuwa sai ya yi rajista, ba a yi wa karya barbara kafin ta cika wata 15, kuma ba za ta haihu fiye da sau shida ba a rayuwarta, sai dai a ƙara mata biyu idan likitan dabbobi ya ba da takardar cewa jikinta zai ɗauka.

Ina ganin akwai gaskiya a wasu koke-koken masu girehawun, musamman na mai horarwa da aka so haɗawa da mai gonar kwikwiyo. Amma dokar da suka samu tana da giɓi biyu manya. Na farko, kaso mai tsoka na aikin sa ido ya koma hannun hukumomin da aikinsu shi ne bunƙasa sana'ar, wato an ba kura ajiyar nama. Na biyu, kuma shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba, iyakar haihuwa shida kare uwa take yi, ba ta rage yawan 'ya'yan da ake haifa a ƙasa. Haihuwa shida kwikwiyo wajen 40 ke nan daga karya ɗaya, takwas kuma sama da 50. Bugu da ƙari, yawancin karnuka mata ba sa ma kai wa wannan iyaka. Idan ta haihu sau biyu 'ya'yan ba su yi gudu ba, an gama da ita, a kawo wata. Dokar ta sa wa cikin karya ɗaya linzami, ta bar yawan karnuka mata a sake. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Shekara takwas bayan haka cibi ya fito. A watan Yunin 2019 gidan talabijin na ƙasar, RTÉ, ya nuna wani bincike da ya bankaɗo rahoton da ita kanta hukumar tseren ta sa wani kamfanin ƙwararru ya rubuta mata a 2017, ta kuma ajiye shi ba ta fitar ba. Rahoton ya ƙiyasta cewa ana haifar girehawun wajen 16,000 a shekara, ninkin-ba-ninkin abin da filayen ƙasar ke buƙata, kuma 5,987 ake kashewa duk shekara: 2,665 don ba su kai lokacin cancanta ba, 1,989 don lokacinsu bai gamsar da masu su ba, 1,333 don gudunsu ya ja baya. 'Yan jaridar sun tuntuɓi wuraren sarrafa mushen dabbobi 30, rabinsu suka ce a kawo karen za su harbe shi a kan Yuro 10 zuwa 35. Hukumar ta ce alƙaluman tsofaffi ne kuma ƙiyasi ne kawai. Amsar da aka ba ta ita ce, to kawo naku na gaskiya, sai ta kasa, domin babu wanda ke bin sawun kare daga haihuwa zuwa mutuwa. Kundin asali yana rubuta ranar da aka haife shi da sunan iyayensa. Bai damu da ranar da ya ɓace ba.

Kamfanoni irin su Barry's Tea da FBD suka janye tallafinsu, hukumomin yawon buɗe ido suka daina tallata tseren ga baƙi. An sake wa hukumar suna da tsari ƙarƙashin wata sabuwar doka ta 2019, kuma daga 2021 aka fara tsarin bibiyar karnuka ta kwamfuta. Amma kuɗin gwamnati bai tsaya ba. A 2019 Yuro miliyan 16.8 aka ba sana'ar daga asusun da take rabawa da tseren dawaki, a 'yan shekarun nan kuma ya haura miliyan 19. Har yanzu babu iyaka a kan jimillar kwikwiyon da za a haifa.

Birtaniya kuwa matsalarta ta daban ce: tana tsere da karnukan da ba ita ke kiwonsu ba, saboda haka dokarta ba ta isa ɗakin haihuwa. A 2006 jaridar Sunday Times ta fallasa wani mai sayar da kayan gini a garin Seaham da ke karɓar Fam 10 ya kashe kare da bindigar kashe dabbobi, ya binne a filin bayan gidansa. An ƙiyasta sun kai 10,000 cikin shekara 15. Da aka kai shi kotu a 2007, tarar Fam 2,000 aka ci shi, kuma laifin shi ne binne mushe ba tare da izini ba, domin kisan bai saɓa wa doka ba. Dokar 2010 da ta biyo baya a Ingila ta tsaya ne a bakin fili: likita ya kasance a wurin, a duba kare kafin tsere, a san lambarsa. Sai a 2020 hukumar tseren Birtaniya ta kawo tsarin ajiye Fam 400 a kan kowane kare, rabi daga mai shi rabi daga hukuma, don a biya cibiyar da za ta nema masa gida in ya yi ritaya.

Ostireliya: an hana, an janye

A watan Fabrairun 2015 shirin Four Corners na gidan talabijin ɗin ABC ya nuna masu horarwa suna ɗaure zomaye da 'yan aladu da wasu dabbobin dawa, da ransu, a jikin injin da ke zagaya fili, don a ɗanɗana wa kare jini ya ƙara kaimi. Jihar Niyu Sawut Wels ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Michael McHugh, tsohon alƙalin kotun ƙolin ƙasar. Ya shiga neman abu ɗaya ya tarar da wanda ya fi shi. Rahotonsa na 2016 ya ce cikin karnuka 97,783 da aka haifa a jihar a shekara 12, tsakanin 48,891 da 68,448 kashe su aka yi don ba su da gudu ko ba su dace da tsere ba. Wata takardar cikin gida ta uwar ƙungiyar tseren ƙasar, wadda aka karanta a zaman kwamitin, ta amsa cewa ana kashe lafiyayyun karnuka 13,000 zuwa 17,000 a shekara a faɗin Ostireliya. Ita kanta hukumar tseren jihar tana da wani tsari na ba da ladan kuɗi ga masu kiwo, wanda sai a 2015 ta soke shi.

McHugh ya fito da tarkon a sarari. Idan aka rage haihuwa har ta dawo daidai da adadin da za a iya nema wa gida, karnukan ba za su ishi tseren da ake shiryawa ba. Idan aka bar haihuwa yadda tseren ke so, kisa ba zai tsaya ba. Shugaban gwamnatin jihar, Mike Baird, ya karanta haka ya ba da sanarwa a watan Yulin 2016 cewa za a rufe sana'ar daga 1 ga Yulin 2017. Karkara ta tashi, abokan ƙawancensa na jam'iyyar Nationals suka tsorata, wata uku kacal ya janye. Duk da haka a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Orange a watan Nuwamba suka rasa kujerar da suka riƙe shekaru da dama.

A lokacin da wuƙa ke wuyansu, shugabannin sana'ar sun yi tayin taƙaita haihuwa zuwa kwikwiyo 2,000 a shekara da ajiye Dalar Ostireliya 1,500 a kan kowane. Da aka janye haramcin, wannan iyaka ba ta shiga sabuwar dokar da jihar ta yi a 2017 ba. Abin da aka samu shi ne raba aiki: wata hukuma mai zaman kanta, wadda ta fara aiki a watan Yulin 2018, ta karɓi lasisi da jin daɗin karnuka, aka bar wa tsohuwar harkar kasuwanci. Wannan gyara ne na gaske, kuma shi ne abin da Ailan ba ta yi ba a 2011. Akwai kuma ƙa'idar ƙasa baki ɗaya: karya ba za ta haihu fiye da sau biyu cikin wata 18 ba, kuma bayan haihuwa uku ko shekara 8 sai da izini da takardar likita. Haihuwa ta faɗi warwas bayan 2015. Amma da kuɗin caca ta waya suka ƙaru, kyaututtuka suka hau, har aka ƙirƙiro gasar Dala miliyan ɗaya a Sidni a 2018, sai ta sake ɗagowa. Kuɗin kyauta ya fi kowace ƙa'ida iko a kan shawarar mai kiwo.

Abin da dokar ke yi wa tseren

Wanda ya fara jin jiki shi ne ƙaramin mai kiwo. Kuɗin lasisi, gwajin jinin asali, takardun likita, rigakafi, faɗin ɗakin kare da doka ta yanka, duk nauyi ne da mai karya 40 zai raba a kan 'ya'ya ɗaruruwa, amma mai karya biyu shi kaɗai zai ɗauka. Sai ƙananan su fita, manyan su ƙara girma. Wannan yana damuna, domin manomin nan mai karya biyu shi ne ya fi yiwuwa ya bar tsohon karensa ya ƙarasa kwanansa a gindin murhu. Doka da ba ta bambanta babba da ƙarami ba, wanda ba shi ne babban mai laifi ba take kora.

Sai kuma batun yawan tsere, wanda ba masu kiwo ke yanke shi ba, kamfanonin caca ne. A Birtaniya tun 1967 ake shirya tseren rana don shagunan caca kawai. Yau daga hantsi har dare ana watsa shi zuwa shaguna da wayoyin hannu, wani lokaci kujerun filin wayam. A shekarun 1940 filaye masu lasisi 77 ne, yanzu ba su wuce 20 ba, Belle Vue ma an rufe shi a 2020, amma waɗanda suka rage kwantiragi ya ɗaure su da cika akwatuna kullum. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan karnuka suka ragu tsere bai ragu ba, wanda ke nan shi zai riƙa fita a kai a kai, jiki bai huta ba, rauni ya ƙaru. Wannan na cikin zarge-zargen da tsohon babban likitan hukumar tseren Niyu Sawut Wels, Alex Brittan, ya rubuta a rahotonsa da ya fito a 2024, wanda ya jawo murabus ɗin shugaban hukumar da kafa sabon bincike. Ƙarancin yana da alherinsa kuma: karen da a da za a zubar don ya makara da rabin daƙiƙa, yanzu ana buɗe masa rukunin masu matsakaicin gudu, ana shirya wa tsofaffi nasu tseren, sai ya zama yana da daraja a idon mai shi.

Inda aka hana kisa kuwa, tsugune ba ta ƙare ba. Karen da ya tashi a keji bai san matakalar bene ba, bai san ƙofar gilashi ba sai ya kai mata karo, in ya ga kyanwa ko ƙaramin kare ya gifta jininsa yana gaya masa zomo ne. Sai an yi makonni ana sake masa tarbiyya. Da ya saba, dabba ce mai sanyin hali, rabin yininta barci. Amma gidajen da za su karɓa suna da iyaka, haihuwa kuwa ba ta da ita. Sai layin jira ya yi tsawo, karnuka su shekara a keji ba tsere ba gida. Abin ya kai daga 2023 hukumar Niyu Sawut Wels ta fara loda karnukan ritaya a jirgin sama zuwa Amurka neman masu riƙo.

Akwai kuma ƙofofin baya. Filin Canidrome na Makawo, a ƙasar Sin, ya daɗe yana haɗiye karnukan Ostireliya, kuma wanda ya shiga ba ya fitowa da rai. Uwar ƙungiyar tseren ta hana aikawa can a 2013, amma wasu suka ci gaba, domin ƙa'idar ƙungiya ce, ba dokar ƙasa ba. Da aka rufe filin a 2018, sama da kare 500 aka bari, sai ƙungiyoyin agaji ne suka rarraba su ƙasashe. Wata ƙofar ta fi wannan sauƙi: mai kare ya rubuta cewa ya ba wani kyauta ya riƙe a gida. Da wannan layi ɗaya karen ya fita daga kundin hukumar tsere, ba mai sake tambayarsa.

Saboda haka a ganina ma'aunin dokar kiwo ba yawan haihuwar karya ɗaya ba ne. A fara ƙidaya tun ranar haihuwa, ba ranar da kare ya samu sunan tsere ba, domin tsakanin waɗannan ranaku biyu ne mafi yawa ke ɓacewa. A karɓi kuɗin ritayarsa tun ranar daga hannun wanda ya shirya barbarar. Kada a ba mutum izinin sabuwar haihuwa sai ya nuna inda 'ya'yan bara da na bara waccan suke. Na san abin da masu sana'ar za su ce, cewa in aka yi haka ba riba. Mai yiwuwa gaskiyarsu ce. Fam 400 ba ta ciyar da kare shekara ɗaya, balle goma. Amma in ribar ba ta samuwa sai an kauce wa wannan ɗawainiya, to ashe tun farko karnukan da aka zubar ne ke biyan kuɗin wasan.

Wasu gwamnatoci sun yi wannan lissafi sun haƙura da gyara. A jihar Fulorida, wadda a lokacin take da 11 cikin filaye 17 na Amurka, kashi 69 cikin 100 na masu zaɓe suka amince da haramci a watan Nuwamban 2018, tseren ya tsaya a ƙarshen 2020, yanzu filaye biyu suka rage a ƙasar, duka a jihar West Virginia. Yankin babban birnin Ostireliya ya hana a 2018. Gwamnatin yankin Wels na Birtaniya ta ba da sanarwar nata haramcin a watan Fabrairun 2025, jihar Tasmaniya ta Ostireliya kuma ta ce za ta janye tallafinta nan da 2029.

Na Niyu Zilan ya fi ɗaukar hankalina, domin wanda ya yanke hukuncin, minista Winston Peters, sananne ne wajen goyon bayan harkar tsere. Bincike uku aka yi cikin shekara goma. Na 2017 ya gano an kashe karnuka sama da 1,400 cikin shekara huɗu, wasu sama da 1,200 kuma ba a san inda suka shiga ba. An yi gyare-gyare, kisa ya ragu, amma rauni ya ƙi sauka. A watan Disamban 2024 Peters ya ce za a rufe sana'ar zuwa ƙarshen Yulin 2026. Wa'adin wata 20 aka ɗiba, kuma babban dalilinsa shi ne neman gida ga karnuka wajen 2,900 da ke hannun masu tsere. Tare da sanarwar, majalisa ta zartar da wata doka cikin gaggawa wadda ta haramta wa kowa kashe girehawun ɗin tsere ba da shawarar likitan dabbobi ba, don kada masu su su ga karnukan sun zama kaya su rabu da su kafin a zo ƙirga su.